Ranar da Gujiya Ta Zama Kifi

Ni dai har gobe, duk wanda ya ce Ƙadri bai iya koyarwa ba, to sai mun yi faɗa da shi. Ina wurin aka yi abin. A bencin baya nake zaune, gwiwata na gugar ta sufeto, don haka kada wani ya zo ya ba ni labari.

Mu biyu aka turo daga makarantar horon malamai zuwa wani ƙauye gabas da Maijirgi, ni Mumuni da shi Ƙadri, 'yan shekaru kaɗan bayan an sauke tutar Faransa. Lakwal ɗin, wato makarantar bokon garin, aji biyu ce, ɗaya ginin laka, ɗaya rumfar zana, jikinsu na haɗe. Aikinmu mu koyi koyarwa a hannun direkta, Mushe Abdurrahamane, daga ƙarshe sufeton makarantu ya zo ya zauna ya ga darasin kowa. In ka ci, ka zama mushe, wato cikakken malamin lakwal, a ba ka aji naka. In ka faɗi sau ɗaya, a yi maka uzuri. In ka sake faɗuwa, sai ka naɗe tabarmarka ka koma gidanku. Ƙadri kuwa ya riga ya faɗi sau ɗaya, bara, a hannun wannan sufeton dai da muke jira.

Abin da ya kada shi ma abin haushi ne. Wani ɗan yaro ne ya yi ta kuka cikin aji, Ƙadri ya duƙa ya ce mashi, "Yi shiru, ƙanena." Shi ke nan fa! Dokar lakwal a lokacin, Hausa ba ta ƙetare bakin ƙofar aji, ko a bakin yaro ko a bakin malami. Shi kuwa sufeton nan Bahaushe ne kamar ni da kai, ga zanen gidansu nan raɗau a kumatunshi, amma da ya sa ƙafa cikin lakwal sai ka rantse a Paris aka yanke mashi cibiya.

Ƙadri ɗan Tasawa ne, ubanshi mai shagon yadi a kasuwa. Tsohon tun farko bai so zancen lakwal ba, kuma ya faɗa mashi ƙiri-ƙiri, in ya sake faɗuwa ya zo ya zauna shago ya riƙa auna atamfa, an gama wasa. Shi kuwa Ƙadri duk duniya ba abin da yake so irin tsayuwa gaban yara. Darasin da ya fi ɗaukar ranshi shi ne wanda muke ce ma leçon de choses, darasin abubuwa, wato kimiyyar 'yan ƙanana. A wannan darasi ba a yarda ka tsaya kana zuba ba. Sai ka sa ma kowane yaro abin a hannunshi, ya bi shi mataki-mataki: ya duba, ya taɓa, ya sansana, sannan ya ɗanɗana. Regardez, touchez, sentez, goûtez. Ƙadri ya yi da gishiri, ya yi da gero, ya yi da tsamiya, har yaran suka haddace jerin, ba sai an gaya masu na gaba ba. Na ƙarshen suka fi so, mana. Ran tsamiya har da kokawa.

Amma kada ka ɗauka sun ji Faransanci. Ina! Shekararsu ta biyu ke nan a lakwal, abin da suka iya shi ne maido maka da duk abin da ka faɗa, baki ɗaya, da ƙarfi. Wata rana akuya ta shigo rumfar, Ƙadri ya ce da Faransanci a fitar da ita. Yara suka ɗauka tare, "A fitar da akuya!" Ba wanda ya motsa. Suna zaune hannu a harɗe akuya ta cinye rabin taswirar Afirka. Ni na yi dariya har da hawaye, shi kuwa bai yi ba. Da yamma ya ce mani, "Mumuni, ni ban san ko yaran nan suna jina ba. Kamar cikin rijiya nake magana." Na ce mashi ya bar damuwa, sufeto ba ya tambayar ko sun ji, amsawa yake son ji.

Ƙarshen bazara ne, zafi kamar ya kashe mutum, hadari na haɗuwa gabas kullum yana watsewa. Duk gari ido na sama, ana jiran ruwan shuka. Sai ga saƙo daga sufeto: zai zo, kuma darasin Ƙadri a kan ƙwayar gujiya zai kasance, wadda mutanen Kano ke ce ma gyaɗa. To, a ƙasar da gujiya ke tafiya da kowa, sai ka ce abu ne mai sauƙi. Amma a wannan lokaci na shekara gujiyar ci ta ƙare a gari, an kai ta sikeli an sayar tun da kaka, abin da ya saura a rumbu na shuka ne, ba mai taɓa shi. Da ƙyar matar direkta ta kakkaɓo mashi ɗan ƙoƙo guda. Ya ɓare ta da hannunshi, ya zaɓe, ya rufe da faifai ya aza bisa taga a ɗakinmu.

Da safen ranar da sufeto zai zo ya ɗaga faifai, sai na ji ya ce, "Innalillahi." Ɓeraye sun yi biki. Ba abin da suka bari sai jar fata da kashinsu. Muna cikin kallon ƙoƙon nan muka jiyo kukan mota daga nesa, kuma a garin nan mota ba ta zuwa don kowa sai don mu.

Ƙadri ya fita da gudu, riga a hannu, ya tarar da Baba Na Allah, tsohon da ke gadin lakwal yana kuma ɗebo mana ruwa. Ya ce, "Baba, don girman Allah ka cece ni. Samo mani irin gujiya, ɓararre, mai kyau, wanda zai ishi yaran aji. Yanzu-yanzu."

Tsoho ya ce, "Iri, Mushe?"

"Iri, Baba. Yi sauri."

Baba Na Allah ya tafi yana ɗingishi. Kafin sufeto ya gama shan ruwa a ofishin direkta, sai ga shi ya dawo da ƙwarya cike. Ƙadri ya karɓa yana ta godiya, bai ko tsaya dubawa ba, don an riga an buga ƙarfen shiga aji.

Aka jera mu a bencin baya na rumfar, direkta, sufeto, sai ni, don nawa darasin na lissafi ne, sai bayan azahar. Sufeto ya cire hularshi ya aza a gwiwa, ya buɗe alƙalami. Ko kallon Ƙadri bai yi ba.

Wallahi farkon darasin nan ya yi kyau. Muryar Ƙadri ta ɗan yi rawa da fari, daga baya ta zauna. Ya zana ƙwayar gujiya a babban allo, ya rubuta sunanta, yara suka maimaita. Ya bi layi-layi da ƙwarya yana zuba ma kowa 'yan ƙwayoyi a tafin hannu, har mu na baya ya ba mu. Idon yaran nan sai sheƙi yake yi. Rabonsu da gujiya a baki an daɗe.

"Regardez," in ji Ƙadri. Suka maimaita, suka sunkuyar da kai suna dubawa.

"Touchez." Suka murza ta da yatsa.

Ni ma na murza tawa, sai na ga wani gari-gari ya kama mani yatsa. Na ɗauka ƙurar rumbu ce.

"Sentez."

Ƙadri ya kai tashi hanci don ya nuna masu. Ina kallon fuskarshi lokacin da ta sauya. Ya ja hannun baya, ya dubi tafinshi, ya sake sansanawa. Ni ma na kai tawa hanci, wani wari mai hawa kai ya buge ni. Maganin iri ne. A shekarun nan ne malaman gona suka fara yawo kasuwa-kasuwa suna koya ma mutane su zuba wani garin magani cikin iri su girgiza kafin shuka, don kada ƙwari da ruɓa su ci shi a ƙasa. Kowa ya ji gargaɗin da ake yi: kaza ta tsinci ƙwaya ɗaya, sai dai a jefar da ita. Ƙadri a kanshi graine yake tunani, ƙwaya, bakinshi ya juya ta ya ce iri. Shi kuwa Baba Na Allah a wurinshi iri abu ɗaya ne, abin da ake shukawa. Ya je gidan ƙanenshi ya ɗebo daga wanda aka riga aka gauraya da magani ana jiran ruwa.

Ga yara cike da rumfa, kowa da guba a tafin hannu, kuma duk sun san matakin da ke biye.

Ƙadri ya ɗaga hannu biyu sama. Ya ce da Faransanci, da ƙarfi, kada kowa ya ci. "Ne mangez pas!"

Yara suka ɗauka tare, da fara'arsu, "Ne mangez pas!" Na ga hannuwa sun fara tasowa zuwa baki.

Ya dubi bencin baya. Sufeto ya ɗago kai a karo na farko, gira a haɗe, bai gane abin da ke faruwa ba, shi dai ya ga an saki layin darasi. Zufa ta keto ma Ƙadri har ta jiƙa wuyan rigarshi. Ya juyo ga yara ya daka tsawa, "C'est du poison! Poison!" Guba ce, yake nufi.

To, wa ya taɓa koya masu wannan kalma? Babu. Amma akwai 'yar'uwarta da suka sani sarai, tana cikin littafin karatunsu har da hoto: poisson, kifi. A garin da ba gulbi, kifi sai busasshe, shi ma sai ran kasuwa in an yi sa'a. Sai ajin ya fashe da dariya, suka amsa baki ɗaya, "Poisson!" Mushe ya kawo masu gujiya mai ɗanɗanon kifi, yo wa zai tsaya jira?

Wata 'yar ƙaramar yarinya a layin gaba, Biba, ita ta fara watsa tata a baki. Na ji ƙarar tauna daga inda nake zaune.

Ban san tsawon lokacin da Ƙadri ya tsaya ba. Ba zai wuce ƙiftawar ido ba, amma na ga ya san abin da zai yi da abin da za ya jawo mashi. Sai ya buɗe baki, da wata irin murya da ban taɓa jin yana da ita ba.

"Ku tofar! Ku tofar, guba ce! Maganin iri ne, yana kisa! Kowa ya zubar da ta hannunshi ƙasa!"

Kai, ka ga abin mamaki. Yaran da aka yi wata da watanni ana magana da su kamar da bango, kalma ɗaya ta ishe su. Ɗiyan manoma ne, sun san maganin iri fiye da mu. Rumfa ta kaure da tofe-tofe da kuka, gujiya na zuba ƙasa. Ƙadri ya tsallake benci ya cafke Biba, ya cusa yatsa cikin bakinta yana kwasowa, tana cizonshi bai ko ji ba.

"Kin haɗiye? Biba, dube ni, kin haɗiye?"

Ta gyaɗa kai tana kuka.

Sai na ji wani kusa da ni ya miƙe har benci ya kife da mu, yana ihu, "Ku kawo ruwa! Ruwa da gishiri, maza! Kai direkta, ba madara a garin nan?" Na ɗaga kai daga ƙasa in ga ko wane ne. Sufeto ne. Hausarshi tas, har da karin harshen mutanen gabas.

Abin da ya biyo baya gudu ne da kiran sunan Allah. Baba Na Allah ya kawo tulu. Aka ɗura ma Biba ruwan gishiri har ta amayar da abin da ke cikinta bisa takalman Ƙadri. Ni da direkta muka jera sauran yaran a waje, muna duba bakin kowa, ana kurkure masu, ana wanke hannuwa da toka. Wasu 'yan kaɗan sun tauna amma sun tofar. Matar direkta ta samo madara wurin wata Bafulatana, aka ba Biba ta sha, aka kwantar da ita a inuwa. Uwarta ta iso ba ko mayafi, ta zauna ta rungume ta. Muka zuba ma yarinyar ido, kowa na jiran ya ga ko gubar za ta fara aiki. Ƙadri na tsugune gefenta, yatsanshi na jini, leɓenshi na motsi. Sai da rana ta take tsakiya Biba ta tashi zaune ta ce yunwa take ji. Uwar ta fashe da kuka a lokacin, mu kuma muka sauke numfashi.

Baba Na Allah ya raɓo kusa da Ƙadri. "Mushe, iri ka ce mani. Na zaci shukawa za ku koya masu."

Ƙadri ya ce, "Ba laifinka ba ne, Baba. Bakina ne."

Sufeto ya goge wandonshi, ya maida hula, ya kira mu ƙarƙashin itacen bedin da ke tsakar lakwal. Da hular ta hau kai, Hausa ta sauka. Da Faransanci ya yi maganar duka, a hankali, kamar mai karanta sanarwa. Ya ce zancen magani tsautsayi ne, zai iya faɗa ma kowa, ba zai riƙe shi da wannan ba. Na ji daɗi, har na fara murmushi, wawa da ni. Sai ya ci gaba. Ya ce amma malamin da ba zai iya tsayar da ajinshi da harshen lakwal ba, to ba shi da aji. Ya ce da yaran sun san "kada ku ci" da Faransanci, da ba a kai ga wancan harshen ba, kuma koya masu aikin Ƙadri ne. Ya ce ya yi mashi gargaɗi bara. Bana ba gargaɗi.

Da ya ce don guba ya kada shi, wallahi da na yi shiru, don an yi wasa da rai. Amma don ya ce "ku tofar"? Raina ya ɓaci har na manta nawa darasin na gaba. Na ce, "Monsieur l'Inspecteur, ai kai ma da Hausa ka nemi ruwa."

Direkta ya taka mani ƙafa. Sufeto ya dube ni sama da ƙasa, ya ce shi ba jarrabawa yake yi ba, ni kuwa ina da ita bayan azahar, in je in shirya.

Ƙadri bai roƙe shi ba. Ya tsaya yana kallon yatsanshi, sannan ya juya ga direkta ya ce, "Mushe, yaran nan a tsorace suke. In ka yarda in riƙe su zuwa tashi, kada su koma gida haka." Direkta ya dubi sufeto, sufeto ya ɗaga kafaɗa. Wanda aka riga aka kora, me ya rage a hana shi?

Bayan azahar na shiga ajin laka na fara darasina na ɗebewa, sufeto na bayan aji da alƙalaminshi. Ban yi nisa ba na fara jin hayaniya daga rumfar zana, ta cikin tagar da ke tsakaninmu. Ƙadri ne ke magana, da Hausa, a sake, kamar yana hira a ƙofar gida. Ya tambaye su wa ya san yadda gujiya ke tsirowa. Sai rumfar ta ɓarke. Wannan na cewa saiwa ke fara fitowa, wancan na cewa ƙarya ne, ƙwayar ce ke tsagewa biyu ta ɗago kai. Wani ya ce babanshi ba ya shuka ta a fadama don ruɓewa take yi. Ƙadri ya ce to don me take ruɓewa a can, suka hau gardama, har ina jin shi yana cewa, "Ɗaya-ɗaya mana, ku bar Cha'ibu ya gama." Duk zamanmu a garin nan ban taɓa sanin muryar ko ɗaya daga cikinsu ba sai ran nan.

Ni dai ina rubuta lambobi a allo, yarana na maimaitawa, kunnena na can. Na saci kallon sufeto. Alƙalaminshi na tsaye bisa takarda, kanshi ya karkata wajen taga. Ya daɗe a haka. Na yi ta addu'a a zuci ya tashi ya leƙa, ko da sau ɗaya. Bai tashi ba. Ya gyara zama ya ci gaba da rubuta nawa sakamakon, kuma na ci, in kana son sani.

Gab da tashi na jiyo wata siririyar murya, ta Biba, don uwarta ta kasa hana ta komawa aji. Ta ce, "Mushe, to don me gujiya ke yin fure a sama, ta koma ta haihu cikin ƙasa?"

Ƙadri ya yi dariya, dariyarshi ta farko a ranar. Ya ce, "Kin tambayi babba. Ba zan gaya maki ba. In ruwa ya sauka ku shuka layi ɗaya a bayan rumfar nan, in ta yi fure mu riƙa tona gindi ɗaya-ɗaya, mu gani da idonmu yadda take yi."

"Mu" ya ce. Ina jin ya manta ne.

Washegari da safe na raka shi bakin hanya da akwatinshi na kwano, ya hau bayan wata babbar mota mai zuwa Tasawa. Ya dai ce in kula da yatsan hannuna in zan ciro abu daga bakin yaro. A cikin makon ruwa ya sauka. Yaran suka zo da sassafe da irinsu a ƙulle cikin tsumma, suka tsaya bayan rumfa suna jiranshi, ni aka bar ma gaya masu.